Ƙarfin Hannu Ba Ma'auni Ba Ne Wajen Ɗaure Kujerar Inji

Matasa da dama a Sabon Birni da Isa yanzu da waya suke koyon gyaran mota. A kalli bidiyo a YouTube, a ɗauko sufana, a shiga ƙarƙashin Golf ko Corolla. Abin a yaba ne. Sai dai akwai inda bidiyo ba ya isarwa: notin kujerar inji, wadda makanikai ke kira injin sit.

Kujerar ce ke riƙe inji da jikin mota, robarta kuma tana shanye girgiza. Idan noti ya yi sako-sako, ramukan hanya za su kwance shi, inji ya riƙa tsalle yana jan tiyo da wayoyi. Idan aka matse shi fiye da ƙima, zarensa ya cinye ko ya karye, musamman a jikin alminiyom. Ko wanne ya faru, mota na iya tsayawa a daji, kuma kowa ya san hanyoyin gabashin Sakkwato ba wurin da ake son yamma ta riski mutum ba ne.

Shi ya sa kamfanoni ke ba kowane noti adadinsa, a ma'aunin Nm. Noti mai kaurin milimita 10 da aka rubuta 8.8 a kansa yakan ɗauki kusan 50, mai 10.9 kusan 70, amma littafin motar ne alƙali. Wasu notin Volkswagen ma sai an kai adadin sannan a ƙara juyi na digiri 90, kuma ba a mayar da tsohon. Bidiyoyin Amurka kuwa da ft-lb suke magana: 50 ɗinsu kusan 68 Nm ne.

A nan wayar ke da rana. A sauke littafin gyaran motar a ajiye, domin ba a manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a yankin. Sannan abokai su haɗa kuɗi su sayi sufana mai ma'auni, ko ƙaramar na'urar dijital da ake liƙa wa sufana, tana ƙara idan an kai adadin.

A tallafi inji da jak da katako, a sauke shi ya zauna daram, sannan a yi ɗaurin ƙarshe da ma'auni. "Ya ji" ba adadi ba ne.