RA'AYINMU: Ɗanka Ya Sami Jami'a, To Ina Zai Kwana?

Kowace shekara, da zarar jami'o'i sun fito da sunayen yaran da suka ɗauka, sai ka ji guɗa ta tashi a Sabon Badun da Agege da Idi-Araba da Sabon Ife da Shagamu. Ɗan mai sayar da goro ya sami shiga, 'yar mahauci za ta karanta aikin likita. A yi ta barka, a raba alewa da dabino. Wannan abin farin ciki ne ƙwarai, domin ba a daɗe ba da lokacin da za ka zagaye unguwar Hausawa kaf a nan Kudu ba ka sami gida biyar masu ɗa a jami'a ba.

Amma akwai tambaya ɗaya da iyaye da yawa ba su yi sai ranar da aka ɗaura kaya, ita ce: yaron nan ina zai riƙa kwana? Mu a ganinmu wannan tambaya ba ta gaza ta kuɗin makaranta nauyi ba. Sau da yawa ma ita ce ke raba wanda zai gama karatunsa da wanda zai dawo gida bayan shekara guda yana sunkuyar da kai.

Waɗanda suka kafa jami'o'in ƙasar nan ba su ɗauki wurin kwana abin wasa ba. Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, an shirya ta ne a kan cewa ɗalibi a cikin makaranta zai zauna, a nan zai ci, a nan zai kwana. A 1952 aka buɗe gidan kwana na Mellanby, mai sunan shugaban kwalejin na farko, sauran gidaje suka biyo baya. Mai karatu ya lura da sunayen da aka raɗa wa waɗansunsu. A Badun akwai gidan Sarkin Musulmi Bello da na Tafawa Ɓalewa. A Jami'ar Ikko, wadda aka kafa a 1962, akwai gidan El-Kanemi da na Sarauniya Amina da na Makaman Bida. A Ife akwai na Murtala Muhammed, na masu neman babban digiri. Ba don ado aka sa waɗannan sunaye ba. An sa su ne don ɗan Arewa ya san yana da haƙƙi a gidajen nan daidai da na kowa, ba cin arziki ya zo yi ba.

A wancan zamani ɗalibi ɗan gata ne. Ana dafa masa abinci sau uku, ana yi masa wanki, ɗaki kuwa shi kaɗai ko su biyu. Har ta kai maganar ci da kwana ta sa an zub da jini. Ran 1 ga Fabrairu 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Badun, a tarzomar da ta samo asali daga ƙorafin ɗalibai kan ɗakin cin abinci na gidan Nnamdi Azikiwe. A watan Afrilu 1978 kuma ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini ya ta da ɗaliban ƙasa baki ɗaya suna neman a tuɓe Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka yi hasarar rayuka a Ikko da Zariya. Daga baya, cikin shekarun 1980, gwamnati ta zare hannunta daga ciyar da ɗalibai. Yawan masu shiga ya yi ta ninkawa, gine-gine kuwa suna nan jiya i yau. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a 2012 a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba bukatun jami'o'in gwamnati ya tarar cewa gadajen da ke akwai ba su wuce na ɗalibi ɗaya cikin goma ba.

Saboda haka uban da ke zaton da zarar an ba ɗansa takardar shiga an ba shi gado, ya sake tunani. A yawancin jami'o'in nan sai yaro ya biya kuɗin makaranta, ya gama rajista, sa'an nan ya shiga intanet ya nemi gado a ranar da aka tsayar, kuma kafin ka ce kwabo an wawashe. Gaskiya ne akan fifita sababbin shiga da 'yan shekarar ƙarshe. A Ife ma gidan Angola na sababbin ɗalibai maza ne, gidan Mozambique kuwa na sababbin ɗalibai mata. Amma fifikon nan na wanda ya zo da wuri ne. A nan mutanenmu ke yin sakaci. Sai maigida ya ce a dakata motar albasa ta iso, ko a jira sai an sayar da shanun da ke kara, sa'an nan a biya. Kafin kuɗi su zo hannu an rufe. Daga nan sai a koma neman na bayan fage.

Na bayan fagen kuwa iri biyu ne, duka ba alheri. Akwai ɗaliban da ke neman gado ba don su kwana ba, sai don su sayar da shi ninkin ba ninkin. Hukumomin jami'a sun hana wannan ciniki, in aka kama, mai saye da mai sayarwa duka sukan rasa wurin, wani lokaci har a gurfanar da su gaban kwamitin horo. Ga kuma 'yan damfara da ke karɓar kuɗin gadon da babu shi, su sayar wa mutum uku gado guda su kashe waya. Na biyu shi ne raɓe, watau yaro ya laɓe a ɗakin wani, ya shimfiɗa katifa a ƙasa da dare, da asuba ya naɗe kafin masu duba ɗakuna su zo. Ɗan raɓe ba shi da bakin magana a ɗaki. In an yi sata shi za a fara kallo, in mai gadon ya yi fushi sai ya kwana a aji.

Ba za mu ɓoye wa iyaye yadda gidajen nan suke ba. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu sai ka iske takwas ko fiye. Ruwa sai an bi layi da bokiti tun duhun asuba. Wuta ta zo ta ɗauke. Kuɗin cizo ya yi gida a katako da katifu, ban ɗaki kuwa gara kada a yi maganarsa. Wanda ya shanya riga ya tafi aji, sai dai ya yi addu'a. Yaron da ya saba uwa ta zuba masa tuwo ta ajiye, yanzu shi zai auna garinsa ya san ranar da zai ƙare. Ga maƙwabcin gado da ke raira waƙoƙin coci da tsakar dare, ga shi kuma shi ma ƙararrawar agogonsa ta sallar asuba tana tashin wani da bai daɗe da kwanciya ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, dole a yi ta haƙuri da juna.

Duk da haka, mu ra'ayinmu shi ne sabon ɗalibi ya yi shekararsa ta farko a cikin makaranta, in dai da hali. Ga dalili.

Uban da ke zaune a Agege yakan ce ai Akoka cikin Ikko take, me zai sa yaro ya kwana a waje? Wanda ya san hanyar nan da safe ya san amsa. Yaron zai fita tun kafin gari ya waye, ya canja mota sau biyu ko uku, ya isa lacca ta ƙarfe takwas a gajiye, in ma ya same ta. Da yamma lokacin da 'yan ajinsa ke taruwa suna bitar abin da aka koyar, shi yana cikin cunkoson motoci. Ya dawo gida kuma ga aike, ga tsaron shago. In aka haɗa kuɗin motar wata tara, sai a ga arahar da aka yi zato babu ita. Wanda kuwa ya kama wa ɗansa haya a Agbowo ko Bariga, ya sani ya sa yaro ɗan shekara goma sha bakwai a ɗakin da ba mai tambayarsa ƙarfe nawa ya dawo, ba mai sanin ko ya kwana lafiya. A gidan makaranta, kome lalacewarsa, akwai masu tsaron ƙofa dare da rana, akwai malamin da aka ɗora wa kula da gidan, asibitin makaranta na kusa, ɗakin karatu da masallaci duk tafiyar ƙafa ce.

Akwai kuma wani amfani da ba a rubuta shi a takardar shaida. A ɗakin nan ne ɗanmu zai zauna da ɗan Ijebu da ɗan Nnewi da ɗan Kalaba, su ci daga tukunya ɗaya ranar da aljihu ya bushe. Yaranmu da aka haifa a Sabo suna da abin da 'yan'uwansu na gida ba su da shi, suna jin Yarbanci kamar Hausa, sun san ɗabi'un mutanen nan tun suna goye. Hasara ce babba a ce yaro mai wannan baiwa ya yi shekara huɗu a jami'a bai yi aboki ko ɗaya ba sai waɗanda suka taso layi guda. Mutanen da zai nema gobe in yana neman aiki, ko in wata fitina ta taso a kasuwa ana bukatar mai shiga tsakani, yau suna nan a kan gadon sama da nasa.

Maganar 'ya'ya mata ita ta fi tsaya wa mutanenmu a rai, kuma ba mu ga laifin uban da ya damu ba. Amma a dubi abin da idon basira. Gidan kwanan mata a jami'a yana da ƙofa da masu gadi da lokacin baƙi, namiji ba ya kutsawa yadda ya ga dama. Gidan haya a bayan makaranta ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne dabarar kai yarinya gidan wani ɗan'uwa ko abokin ciniki da ke kusa da makaranta, wai don a sa mata ido. Sau nawa irin wannan yarinya ta zama mai wanke-wanke da raino, ta shiga jarrabawa ba ta buɗe littafi ba? In ta faɗi sai a ce dama boko bai karɓe ta ba, a yi mata aure a rufe zancen. Mun san kuma akwai samarin manyan aji da ke ɗaura ɗamarar farautar sababbin ɗalibai mata a makonnin farko, abin har ya zama al'ada mai suna a bakin ɗalibai. Maganin wannan shi ne uwa ta zaunar da 'yarta ta gaya mata gaskiya ba kunya, a kuma haɗa ta da wata babbar ɗaliba mai hankali tun ranar farko. Hana ta gado ba ya hana mafarauci ganinta a hanyar aji.

Wajen maza kuwa babban abin tsoro shi ne ƙungiyoyin asiri. Ba tatsuniya ba ce. Da asubahin 10 ga Yuli 1999 'yan irin wannan ƙungiya suka auka gidan Awolowo a Jami'ar Ife suka kashe ɗalibai biyar, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai George Iwilade. Iyaye su gane cewa mutanen nan ba da wuƙa suke fara zuwa wa yaro ba, da fara'a suke zuwa. Wani ya tare shi a ƙofar ofis yana rungume da jaka bai san inda zai kwana ba, ya ce zo ga wuri a ɗakinmu kyauta, ga abinci, ga wanda zai taimake ka rajista. Bayan wata biyu a gayyace shi wata liyafa da dare a bayan gari. Watau rashin gado shi kansa ƙofa ce ta wannan bala'i, kuma yaron da ubansa ya sama masa wuri ta hanyar da ta dace ya tsallake tarko na farko. Baƙo ko da ido makaho ne, saboda haka a gaya wa yaro inda zai nufa in ya rasa hanya: ofishin kula da harkokin ɗalibai, da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi wadda a nan Ikko aka kafa ta tun 1954, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista ga 'yan'uwanmu Kirista, da ƙungiyar 'yan jiharsu.

Muna kira ga hukumomin jami'o'i da su tabbata gadon da aka ce na sabon ɗalibi ne ya isa hannun sabon ɗalibi, su kuma duba cikin gida, domin cinikin gado ba ya yiwuwa shekara da shekaru ba da sanin wani ma'aikaci ba. Gwamnatocin jihohin Arewa su ma su tuna cewa yaran nan sunan jihohinsu ke rubuce a takardunsu, kada tallafin karatu ya tsaya ga waɗanda ke kusa da sakatariya.

Amma babban kiranmu ga kanmu ne. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kara da 'yan goro da 'yan gwari da masu canjin kuɗi, ku ne kuka gina masallatai da makarantun Islamiyya a garuruwan nan da kuɗin aljihunku. Jami'o'i da dama suna ba masu hali fili su gina gidan kwanan ɗalibai, su karɓi haya na waɗansu shekaru, sa'an nan ginin ya koma hannun makaranta. Waɗansu jama'a sun daɗe da shiga wannan harka. Me ya hana mu? Ko ba a kai ga gini ba, asusun da zai ranta wa uba kuɗin makaranta a makon da aka fito da sunaye, ya biya bayan ya yi ciniki, bai fi ƙarfin kowace kasuwa tamu ba. Ga kuma bashin karatu da Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a 2024 ta hannun asusun NELFUND, wanda ya haɗa da kuɗin makaranta da Naira 20,000 a wata na ɗawainiya, ba ruwa a kansa. Ya kamata a sami masu ilmi a kowace unguwa su zauna da iyaye su bayyana musu sharuɗɗansa da Hausa.

Uban da ɗansa ke shirin tafiya bana kuwa, ya nemi sanin ranar da za a buɗe neman gado tun yanzu, ya biya kuɗi ta hanyar da makaranta ta faɗa, kada ya damƙa wa kowa a hannu. A haɗa wa yaro katifa da gidan sauro da bokiti biyu da kwaɗo mai kyau da fitila mai caji, a tambaya ko gidan ya yarda da risho ko murhun lantarki kafin a saya. Ranar kai shi kuma maigida ya rufe shago ya raka shi da kansa, ya ga ɗakin da idonsa, ya gaisa da masu tsaron ƙofa, ya karɓi lambar wayar ɗaya daga cikin abokan ɗakin.