ZA A MIƘA HOSTEL GA GIDAUNIYA, MU KUMA MUN YI SHIRU?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo.

Kowa ya ji maganar da ake yi a makarantarmu, wai za a damƙa kula da ɗakunan kwananmu a hannun wata gidauniya. Abin da ake ta rarrashinmu da shi kuwa shi ne wai ba don riba take aiki ba. Har na ji wasu daga cikinmu suna cewa ai gara haka, ko a samu ruwa a famfo. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Rashin neman riba ba shi ne kyauta ba. Gidauniya ma tana biyan albashi, tana sayen dizal, tana da manaja da motar manaja. Duk wannan daga ina zai fito? Daga kuɗin gado. Bambancinta da kamfani kawai shi ne ba ta raba abin da ya saura ga masu hannun jari. To ina ruwan ɗan talakan da ya taso daga Gumel ko Potiskum da wanda ya ci rarar? Shi dai abin da aka ce ya biya ya sani.

Na yarda hostel ɗinmu sun lalace. Banɗaki ba ya shiguwa, kuɗin cizo ya hana barci, ɗakin mutum huɗu sai ka tarar da takwas. Amma wa ya bari suka lalace? Ginin gwamnati ne, da kuɗin jama'a aka yi shi, ga kuma TETFund da ake tara mata haraji daga kamfanoni. Wanda ya kasa gyara sai ya amsa tambaya, ba ya miƙa makulli ya kaɗe rigarsa ba.

Kuma mu abin zai fi shafa wallahi. Ɗan gari idan kuɗi ya fi ƙarfinsa, gidan gwaggonsa zai koma. Kai da ka kwana a mota kafin ka iso, gidan wa za ka? Haya a cikin gari kuwa kun san yadda take: kuɗin shekara a dunƙule, ga na dillali, ga kallon da wasu masu gida ke yi maka da zarar sun ji sunanka. 'Yan uwanmu mata sun fi mu sanin wannan. Naira 20,000 da NELFUND ke bayarwa a wata ko abinci ba ta kaiwa, balle haya.

Kada wani ya ce magana ba ta da amfani. A 2006, lokacin da Oby Ezekwesili take ministar ilimi, an so shigo da masu zaman kansu cikin tafiyar da makarantun sakandaren tarayya. Iyaye da malamai suka tashi tsaye, shirin bai ɗore ba. A 2023 ma ɗaliban UNILAG sun fito kan ƙarin kuɗin makaranta, sai da aka rage.

Ba zanga-zanga nake kira ba. Takarda nake so mu nema. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu su haɗu da SUG su rubuta, a nuna mana yarjejeniyar kafin a sa hannu. Shekara nawa za ta yi? Wa ke da ikon ƙara kuɗin gado? Wa zai raba gadajen, kuma da wane ma'auni? Ɗalibin nesa zai iya zama a gajeren hutu ko za a kulle ƙofa? Idan gidauniyar ta gaza, wa zai kore ta?

Idan shirin alheri ne, me zai hana a nuna? Tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka sa hannu, ofishin kula da ɗalibai zai ce ka je wajen gidauniya, ita kuma ta ce ba ita ta ɗauke ka karatu ba.

Ku tura wa shugaban ƙungiyar jiharku. Allah Ya sa mu gama lafiya.