Wasiƙa Zuwa ga Malaman Firamare: Kada Katin Sakamako Ya Zama Ihu Bayan Hari

Ya ku malamai,

Ina so in ja hankalinku ga wata al'ada da ta zauna daram a makarantunmu, wato barin iyaye cikin duhu har ranar ba da hutu. Shekarar karatu zango 3 ce, kowane zango kimanin mako 12 ko 13, amma a gidaje da yawa saƙo ɗaya tak ke fitowa daga makaranta a duk zango: katin sakamako. Uban da ya buɗe kati ya tarar ɗansa ya yi fashin kwana 20, ya kuma faɗi lissafi, me ya rage masa ban da faɗa ko bulala? Labarin da ke da amfani shi ne wanda ya isa gida tun ana iya gyara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ake nema yana hannunku tuni. Kullum kuna kiran suna a rajista, kuna duba littattafai, kuna yin gwajin tsakiyar zango. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa ya halarta har ya kammala. To, ta yaya mahaifi zai sauke nauyin da ba a sanar da shi halin da ake ciki ba? Malam yana ganin alama, dalili kuwa yana gida. Zangon farko yakan fara a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, sannan kaka ta zo a kwashi yara zuwa girbi. Wata yarinyar ranar kasuwa ce ke ɗauke ta, wata talla, wani yaron kuma ba ya gani sosai daga bayan aji. Ba a gano irin wannan sai bakin malam da na iyaye sun haɗu.

Saboda haka ku tsayar da lokuta. A makon farko ku gabatar da kanku, ku faɗi abin da yaro zai koya. A tsakiyar zango ku ba da labarin inda aka kwana. Duk yaron da ya yi fashin kwana 3 a jere kuwa, a tuntuɓi gidansu kafin mako ya fita. Kuma maganar ta zama mai kama hannu. Cewa "ba ya ƙoƙari" ba ta nuna wa uwa abin yi. Ku ce mata ya san baƙaƙe da wasula amma bai iya haɗa su ba, a sa yayarsa ta zauna da shi minti 10 bayan magariba.

Na san za ku ce ɗalibai sun yi yawa. Gaskiya ne: manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami 1 ga yara 35, alhali akwai ajujuwan da suka ninka haka, ga albashin da ba ya kai wata. Amma ba a ce ku kira kowa kullum ba. Gida 5 a mako ya ishe ku zagaye aji mai yara 60 a zango guda, a fara da waɗanda rajista ta nuna suna zamewa. Za ku kuma ce iyaye da yawa ba su iya karatun boko ba. Wannan hujja ce ta sauya hanya. Wanda bai karanta boko ba sau da yawa yana karanta ajami, kuma saƙon murya ta WhatsApp ba ya buƙatar iya rubutu. Inda babu waya, ga liman, ga mai unguwa, ga kwamitin kula da makaranta wanda aka tsara shi da wakilcin mata, ga malamai mata da ke iya shiga gida su gana da uwa, wadda ita ce ta san ko yaro ya karya kumallo.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsoron kada rahoto ya jawo wa yaro duka. Hakan na faruwa ne saboda mun saba wa iyaye cewa makaranta ba ta aike sai an yi laifi. Ku fara da labarin alheri. Uban da ya taɓa jin cewa 'yarsa ta karanta jimla ita kaɗai a gaban aji, ranar da kuka kira shi kan fashi zai zo a matsayin abokin aiki, ya zauna ku nemi mafita tare.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aka bi wannan tsari, ranar ba da hutu babu abin da zai zo wa iyaye ba zato a cikin kati, domin kowane layi nasa an riga an tattauna shi tun yana da magani.



Naku,
Mai ƙaunar ilimin yara