Gaɓar Da Ta Riƙe Zancen Girkawa

A makon nan za mu leƙa tsohon harshen Girkawa, mu duba wata 'yar kalma da ba ta kai ta cika baki ba, amma ta sha haɗa manyan malamai gardama.

Idan Bahaushe ya ce "yaro ya zo", kowane yaro ne. Idan ya ce "yaron ya zo", to, wanda aka sani ne. Balarabe kuwa da alif da lam yake yin wannan aiki. Su Girkawa kalma suka ware masa, suna ajiye ta gaban suna: "ho" ga namiji, "he" ga mace, "to" ga abin da ba namiji ba ne ba mace ba. Tana kuma sauya kama gwargwadon tilo ko jam'i, da matsayin sunan a cikin jimla. Malaman nahawunsu sun kira ta "arthron", wato gaɓa, domin ita ke haɗa sassan zance.

Asalinta kalmar nuni ce. A waƙoƙin Homa galibi tana nufin "wancan" ko "shi". Sannu a hankali ta lafa, har a zamanin Aflatun ta zama abokiyar tafiyar suna. Afoloniyus Diskolus, malamin Iskandariyya na ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana cewa babban aikinta shi ne komawa ga abin da aka riga aka sani. Ashe dai aikin "n" ɗin da ke cikin "yaron" ke nan.

To, ga inda gizo ke saƙa. "Ho agathos aner" na nufin "mutumin kirkin nan", magana ba ta ƙare ba. Amma "agathos ho aner" cikakkiyar jimla ce: "mutumin na kirki ne". Kalmomi ukun ba su sake ba, gaɓar kawai aka gusar, siffa ta koma hukunci. Wanda ya karanta nahawun Larabci zai tuna da bambancin sifa da habari.

Haka kuma tana mayar da kusan kowace kalma suna. "Agathon" mai kyau ne, amma "to agathon" shi ne alheri kansa, abin da masu falsafa suka yi ta bincike a kai. Latin ba shi da irin wannan gaɓa, saboda haka Rumawa sai sun yi kewaye kafin su fassara shi. A 1946 wani masani Bajamushe, Bruno Snell, ya kafa hujja cewa ta taimaki Girkawa wajen tunani mai zurfi.

A 1798 Granville Sharp, Baturen Ingila da ya yi fice wajen yaƙi da bauta, ya fitar da wata ƙa'ida daga Girkancin Sabon Alkawari: sunaye biyu na tilo masu siffanta mutum, in an haɗa su da "da" a ƙarƙashin gaɓa ɗaya, mutum ɗaya ake nufi. Malaman Kirista sun daɗe suna jayayya a kan iyakar wannan ƙa'ida, domin fassarar wasu ayoyi ta rataya a kanta.

Saboda haka, ɗalibi da mai fassara, kada ku raina ƙaramar kalma. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.