Zuwa Ga Alhajin Da Ya Riga Ni Zama A Wannan Gida



Da fatan ka isa gida lafiya, ka iske iyali lafiya. Ba mu taɓa haɗuwa ba. Ni ne na kama hayar gidan da ka tashi daga ciki a unguwar Deira. 'Yan'uwanmu 'yan kasuwa a nan Dubai duk sun yi maka shaidar kirki, shi ya sa na ga gara in rubuto maka.

Ka kwashe kayanka, ka miƙa makulli, amma har yau sunanka ne a kan gidan a rajistar Ejari. Ka san tun 2010 ake shigar da yarjejeniyar haya a wannan rajista ta hukumar filaye ta Dubai, kuma gida ɗaya ba ya ɗaukar rajista biyu. Cikar wa'adin haya ba ta goge sunan mutum, sai an nemi sokewa. Muddin taka na nan, tawa ba za ta shiga ba.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, Alhaji. Ba takardar Ejari, ba zan buɗe ruwa da wuta da sunana a DEWA ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne maganar iyali. Maiɗakina da yara suna Kano, sun gama shiri, amma sai da wannan takarda zan nema musu izinin zama. Kullum muka yi waya sai ƙaramar ta tambaye ni yaushe za su taho, ni kuwa ba ni da ranar da zan faɗa mata. Ga kuɗin haya na biya, yana ta tafiya.

Mai gidan ya ce a shirye yake ya soke, abin da ya rage takardar lissafin ƙarshe ce ta DEWA, wadda sai mai asusun ya nemi rufewa ake bayarwa. Kai ma da amfaninka a ciki. Ajiyarka ta dirhami 2,000 na can tana jiran ka, kuma kuɗin gida na kashi 5 cikin ɗari na hayar shekara, wanda ake rarraba wa a takardar wuta kowane wata, da sunanka yake taruwa. Ba sai ka hau jirgi ba, daga wayarka za ka iya.

An ba ni shawarar in kai ƙara cibiyar sasanta rikicin haya. Ban so ba, domin na fi zaton mantuwa ce da gaggawar tafiya.

Don Allah, don Annabi, ka rufe asusun cikin makon nan, ka tura wa dillalin da ya haɗa ka da gidan takardar. Ni ma shi ne ya haɗa ni da gidan, zai kawo mini.

Wassalam,
Ɗan'uwanka, sabon mai haya.