Ba ƙarfin harsashi maharbinmu ya rasa ba

Duk mai zama majalisar dare a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha a Kaduna ya taɓa jin wannan magana: wai rashin bindiga mai ƙarfi ne ya durƙusar da mafarautanmu. Samari na kallon Turawa a waya suna kayar da ɓauna a Tanzaniya da harsashin da ake kira magnum, sai su ce ga farauta nan, mu an bar mu da bindigar toka. Wasu har suna tambaya, tun da masana'antar makamai ta DICON na nan Kakuri, me ya hana ta ƙera irinsa a sayar wa maharba? Ban yarda da wannan ra'ayi ba ko kaɗan, kuma ina jin tsoron inda zai kai mu.

Magnum ba wani siddabaru ba ne. Kwanso ne babba da aka cika da albarushi fiye da kima don harsashi ya fita da gudu. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 a 1912. A shekarun 1940 wani Ba'amurke, Roy Weatherby, ya gina kasuwarsa a kan da'awar cewa gudun harsashi ne ke kashe dabba. Remington ta biyo da 7mm a 1962, Winchester da .300 a 1963, wanda ke barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa guda. Don tsaunuka da filayen yammacin Amurka aka yi waɗannan na baya, inda maharbi ke hango dabba daga nesa ba gona ba gida a bayanta. Can ɗin ma masana harbi sun daɗe suna kuka da su: bindigar na naushin kafaɗa har mutum ya riƙa zabura kafin ya ja kunama, saiti ya kauce, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a banza. Bututun na saurin cinyewa, idan kuma harbin na kusa ne nama ya dagargaje.

W.D.M. Bell, ɗan Sikotland da ya yi suna a Karamoja ta Yuganda, ya kashe giwaye fiye da 1,000, yawancinsu da ƙaramin harsashi 7x57 wanda bai kai magnum gudu ba. Sai da ya tsaga ƙoƙon kan giwa ya gane inda ƙwaƙwalwa take. Ɓarna ya yi, ban kawo shi don yabo ba. Amma ya nuna abin da kowane sarkin baka ya sani tun zamanin kwari da baka: sanin sawu, sanin iska, haƙurin matsawa kusa, da sanin makasa.

To, a ce an ba mu magnum ɗin. Me za a harba? Giwayen Nijeriya kaf ba su kai 500 ba, zakunan da suka rage a Yankari da Kainji ba su kai 50 ba, kuma doka ta hana taɓa su. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999 don gwanki da kanki su sami mafaka, 'yan bindiga sun mayar da shi sansani. Maharbin da ya fita daga Gonin Gora ko Kujama a yau, in ya yi sa'a, gada ce ko zomo ko gyazbi. Dajin ne ya ƙare, da gatarin masu gawayi da gobarar rani da faɗaɗar gari. Babbar bindiga ba za ta dawo da dabba ko ɗaya ba, sai dai ta ƙarasa 'yan ragowar.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne inda harsashin zai sauka idan ya kuskure. Ƙwayoyin bindiga mai baki biyu na faɗuwa bayan 'yan ɗaruruwan mitoci. Na magnum na iya wuce kilomita 3. A ƙasar Chikun da Kajuru, ina za ka auna kilomita 3 babu manomi a sunkuye, babu rugar Fulani, babu mata masu itace?

Na san hujjar da ta fi ƙarfi: mafarauta na taya jami'an tsaro aiki, kuma ana tura su gaban masu AK-47 da abin da bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, zalunci ne kuma. Sai dai bindigar farauta mai cin harsashi uku ba ta tare mai aman wuta, kuma ranar da aka ƙwace ta, ɗan fashi ya sami abin harbin direba daga nesa a hanyar Abuja. Tun 1964 aka kafa DICON, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus, domin soja da 'yan sanda. Su ya kamata ta wadata, su kuma su shiga dajin.

Abin da maharbi ya fi buƙata shi ne shaida. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin salla, an kashe su ne saboda an ga bindigoginsu aka ce masu garkuwa ne. Dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon bayar da lasisin bindigar toka. Ya kamata gwamnatin Kaduna ta zauna da shi da sarakunan baka, a yi wa kowane maharbi rajista da katin shaida da za a amince da shi a kowane shingen bincike, a kuma tsayar da watannin da ba a farauta don dabbobi su hayayyafa.