Siffa a Takarda, Numfashi a Ƙirjin Kare

A Ingila, ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, ita ke rubuta siffofin da alƙalan gasar Crufts suke auna kowane jinsin kare da su. Takardun sun cancanci kulawar manazarta harshe, domin a cikinsu siffantawa takan rikiɗe ta zama umarni.

Mu ɗauki Pekingese, ɗan ƙaramin karen fadar sarakunan Sin. Tsohon ma'auninsa ya nemi shafaffiyar fuska, amma bai yanka iyaka ba. Alƙalai suka riƙa fifita wanda fuskarsa ta fi shafewa, masu kiwo kuwa suka bi kambu, zuriya bayan zuriya, har hanci ya nutse, numfashi ya koma jan aiki. Zakaran Crufts na 2003, wanda Pekingese ne, a kan ƙanƙara aka zaunar da shi don kada zafi ya galabaitar da shi.

Bayan shirin BBC na 2008 an gyara rubutun, aka ce lallai hanci ya bayyana. A ganina wannan bai wadatar ba, tunda "bayyana" ma idon alƙali ke fassara ta. Holan ta fi kusa da daidai: tun 2019 take hana kiwata zuriya daga karen da tsawon hancinsa bai kai sulusin ƙoƙon kansa ba.